Silin Yaya

Buhun ɓawon albasa yana nan jingine bayan ƙofar kicin tun kafin Yaya ta faɗi. Ita ta fara tara shi. Duk ranar da zan je cefane sai ta bi ni da murya har bakin titi: "Ƙarama, ki ce wa mai albasa ya share mana ƙarƙashin teburinsa. Busasshe nake so, ja, ban da mai ruɓa!" Mutumin har ya saba, da ya hango ni sai ya fara dariya yana neman tsintsiya. Ni kuwa in dawo ina mita, mace da furfurata ina yawo cikin kasuwa da ledar shara.

Ni da Yaya uwa ɗaya uba ɗaya muke. Mazajenmu sun riga mu gidan gaskiya, ni kuma Allah bai ba ni haihuwa ba, sai na tattaro komatsaina na dawo gidanta. Ɗaki biyu ne da kicin, sai ɗan fili a baya inda muke da murhu da igiyar shanya. Sana'armu ulu. Mu sayo gashin tumaki da dattinsa da maiƙonsa, mu wanke, mu taje, mu kaɗa shi a mazari ya zama zare, mu rina, masu saƙa su zo su ɗauka. Duk zaren da ya fita daga gidan nan sili biyu ne a tufke, ɗaya na Yaya ɗaya nawa. Nata siriri ne sumul, ka rantse inji ne ya ja shi. Nawa yana da ƙwari, amma in ji ta wai ina kaɗi kamar wadda mota za ta bari. In na ce mata ai ƙwarin nawa ne ke riƙe da yangar nata, sai ta ce in rufe mata baki in miƙo mataji.

'Ya ɗaya gare ta. Muna ce mata Dunƙule, domin tana jaririya in ka ajiye ta cikin kwandon zare sai ka duba da kyau kafin ka gane wace ce ita. Sunan ya bi ta har gidan miji, ko da yake yanzu sandar rake ta fi ta ƙiba. Aure ya kai ta gari mai nisa, tafiyar da sai an kwana a hanya. Ciki ya sha zube mata, har muka daina tambaya. Da wannan ya zauna, likita ya ce ta kwanta, ban da aiki, ban da tafiya ko ta nan da can, har sai ta sauka.

Ranar da ta gaya mana a waya, Yaya ba ta yi guɗa ba, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, "To. Zan yi masa bargo. Silina zai bi shi daga wannan baki zuwa wancan baki, kin ji na gaya miki." Tana ajiye wayar ta ce launin ɓawon albasa za ta yi, ruwan zuma mai duhu, kuma tukunya ɗaya za a yi masa. Wannan dokarta ce tun muna 'yan mata. Tukunya biyu ba sa taɓa ba da launi ɗaya ko da hannu ɗaya ne ya haɗa su, saboda haka abin mutum ɗaya sau ɗaya ake jefa shi.

Mun zaɓi ulun, mafi laushi, na wuyan 'yan tumaki. Mun wanke, mun taje, mun jera shi cikin kwando fari tas. Ba mu kai ga fara kaɗi ba. Wata safiya ina kicin na ji ƙarar baho a bayan gida, na ɗaga murya na ce, "Yaya, in kin fasa shi ke za ki sayo wani." Shiru. Na leƙa na same ta kwance cikin ruwan wanki, bakinta ya karkace, idonta a kaina.

Hawan jini ne, in ji su a asibiti. Ɓarin dama ya shanye. Da aka sallamo mu ƙafar ta ɗan farfaɗo, tana ja da sanda daga gado zuwa kujera. Maganar ma ta dawo, da nauyi, kamar mai magana da abu a baki, amma ni ina ganewa, Dunƙule ma tana ganewa a waya. Hannun dama ne ya ƙi. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana murza mazari ya koma abin da ake ɗauka a ɗora a kan matashi.

Dunƙule ta yi kuka ta ce za ta taho. Yaya ta karɓi wayar da hagu ta ce, "Ki taho ki yi mini me? Ki zubar mini da jika a hanya? In kika motsa daga gadon nan ban yafe ba." Haka aka bar maganar.

Ba a jima ba ta ce in kawo mata mazarinta. Na ce, "Haba Yaya, da wane hannun?"

"Da wanda ya rage."

"Ki bari in kaɗa duka biyun mana. Wa zai sani?"

Ta dube ni irin kallon da take yi mini tun ina yarinya in na share ɗaki na tura sharar ƙarƙashin gado. Na tashi na ɗauko.

Sai da muka yi dabara. Na naɗa tajajjen ulun a wuyan mataccen hannun, na ɗora shi a kan matashi a hannun kujera, na sa mata tasa a cinya inda gindin mazarin zai zauna. Ta murza da yatsun hagu, ya juya, ta tare shi da gwiwa, ta jawo ulun kaɗan, ta bar murɗin ya hau. Ya tsinke. Ta sake. Mazarin ya faɗi ya gangara ƙarƙashin gado, na rarrafa na ɗauko. Ranar na rarrafa ƙarƙashin gadon nan har gwiwoyina suka yi kanta, ina yi ina zagin mazarin da wanda ya sassaƙa shi. Ita kuwa ba ta fasa ba. Zufa kawai take yi.

A hankali zare ya fara taruwa. Ba irin nata na da ba. Nan kauri, nan siriri, nan wani ƙulli kamar ƙwayar wake. Amma zare ne. Da ya cika mazari ta ce in ɗauko nawa in tufka mu gani.

Na zauna gabanta na haɗa bakin silin biyu na fara. Ban yi kamu biyu ba abin ya fara ƙudundunewa yana hawa kansa. Na ja, ya tsinke. Na ɗaura na sake, ya kuma tsinkewa. Na fara tsaki ina cewa ulun ne ba shi da kyau, mai tumakin nan ya cuce mu. Yaya ta ce, "Miƙo."

Ta ɗaga silin nata zuwa hasken taga, ta ɗaga nawa. Ta daɗe tana kallo.

"Baya nake yi," in ji ta.

Sai a lokacin na gani. Yatsun dama in sun murza mazari gefe ɗaya yake juyawa, yatsun hagu kuwa ɗaya gefen suke kai shi. Tufka kuma saɓanin kaɗi ake yin ta: a kaɗa sili biyu zuwa gefe guda, a murɗe su tare zuwa ɗaya gefen, su rungumi juna su kwanta. Na Yaya tun farko ya bi wata hanya. Ina murɗawa nawa yana kwanciya, nata yana ƙara tamkewa har ya tsinke inda ya yi siriri. Mu da muka tsufa a kan abin nan, ba wadda ta tuna.

Ranar da ta faɗi ba ta yi hawaye ba. A asibiti ma da suke juya ta kamar buhu ba ta yi ba. Ranar nan ta yi. Ta riƙe zaren a ƙirji tana kuka da rabin fuska, ɗaya rabin ko motsi. Wallahi na gwammace a doke ni da in ga wannan. Na fita bayan gida na tsaya gaban murhu ina huci, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Na dawo na ce, "Share hawayenki. Tunda ke ba za ki iya dawowa hanyata ba, ni zan bi taki."

Na ɗauka abin wasa ne, in murza mazarin baya da hannun dama shi ke nan. Ina! Yatsun nan sun riga sun haddace abinsu. In fara daidai, da hankalina ya ɗan tafi wani wuri sai in ga sun koma yadda suka saba, zaren ya warware a hannuna. Dole ni ma na koma hagu. Tabɗi. Abin da nake yi ido rufe tun ban san ɗaura zani ba, sai ga ni ina fama kamar sabuwar koyo. Yaya kuwa ta samu abin dariya. Tana daga kujera tana cewa, "Sassauta, ba wuyan kaza kike murɗewa ba." Ko ta ce, "Ni da nake da hannu ɗaya na fi ki, ke da biyu." In ce mata ta ji da nata. Dariyarta ta dawo a kwanakin nan, a karkace, amma ta dawo, kuma ko don wannan ban yi asarar wahalata ba.

Da muka sake tufkawa, silin biyu suka kwanta lafiya lau. Ta shafa shi a kuncinta na hagu, wanda yake ji, ta ce, "Yauwa."

A ƙa'idarmu zare ake rinawa kafin a saƙa. A gama kaɗi duka, a naɗe shi ɗauri-ɗauri, a jefa tukunya, ya bushe, sannan a kama saƙa. Amma kaɗin Yaya yana tafiya kamar hawainiya, ga cikin Dunƙule yana tsufa. Na ce mu rina wanda ya samu in fara saƙawa, in ya so mu rina sauran daga baya. Ta ce a kan gawarta za a yi wa jikanta bargo mai launi biyu. Na ce to mu rage girmansa. Ta ce jariri ba ya zama jariri. Muka yi ta ja-in-ja har ita da kanta ta kawo mafita: in riƙa saƙawa da farin zaren yadda yake, duk ƙwallon da muka tufka in ɗora, in an gama a jefa bargon gaba ɗaya cikin babbar tukunya. Ba mu taɓa yin haka ba. Na san dalilinta ko da ba ta faɗa ba, so take ta ga abin yana girma da idonta.

Haka muka yi. Da safe in wanke ta, in ba ta magani, in naɗa mata ulu a hannu. Mu yi kaɗi har rana ta take. Da yamma in ɗauki kwarashi in saƙa abin da ya samu, in shimfiɗa mata a cinya ta auna da tafin hannu. Bargon ya rufe gwiwoyinta, ya sauka ƙwauri. Duk lokacin da Dunƙule ta kira, labarin ke nan. "Ya kai ina, Mama?" "Ya wuce rabi." "Hannun fa?" "Da sauƙi. Ke dai ki kwanta."

Ba sauƙin ba ne. Ni da ke tufkawa na fi kowa sani, domin zaren yana gaya mini. Kullum silinta ƙara sakwarkwacewa yake yi. Yatsun ba su da ƙarfin da za su ba mazarin juyi sosai, sai murɗin ya hau sama-sama, da ƙyar yake riƙe kansa. Sai na bi shi a hankali kamar mai ɗaukar ƙwai. Abincinta ya ragu, ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Likita ya ce zuciyar ce ta gaji, ya ƙara magani, ya ce ta huta. Na ɓoye mazarin cikin tukunyar rini. Ta ƙi cin abinci, ta ƙi yi mini magana, sai da na fito da shi.

Wata rana da la'asar ina saƙa, ta ce, "Ƙarama."

"Na'am."

"In ban kai ba, ki ƙarasa mini."

"Kin fara ko? In surutun banza za ki yi in tashi in ba ki wuri."

"Zauna. Ki ƙarasa, kuma kada ki gaya mata. Na ce mata baki zuwa baki. Ki bar ta da wannan, ba ni da wani abin da zan bar mata."

Na ce za ta gama da hannunta, har ta yi wa na biyu. Ta ce ta ji, amma in yi mata alkawari. Ta kama wuyan hannuna da hagun nan, riƙon ba ƙarfi, amma na kasa zamewa. Na ce na yi. Na tashi na shiga kicin na yi ta wanke kwanonin da na riga na wanke.

Saura kamar tafi ɗaya da rabi a gama, Dunƙule ta kira da hantsi. Yaya tana kaɗi, na kara mata wayar a kunne. Na ji tana cewa, "Lafiya ƙalau. Yau har na fita tsakar gida na sha iska." Ƙarya ce, rabonta da bakin ƙofa an kwana biyu. "Bargon? Saura ƙiris. Ki dai sauka lafiya ki zo ki karɓa." Har da 'yar dariya. Da na ajiye wayar ta dubi mazarin da ke cikin tasa, ta kai hannu, yatsun suka taɓa shi suka zame. Ta sake, bai ko motsa ba. Ta ce, "Kwance mini wannan, na gaji. Gobe." Na warware ulun daga hannunta.

Ba ta sake ɗauka ba. Bayan 'yan kwanaki, da safe, na kawo mata ruwan ɗumi na tarar ta tafi.

Ba zan yi dogon bayani a kan kwanakin nan ba. Mutane sun zo, sun tafi. Mijin Dunƙule ya zo shi kaɗai, ya ce likita ya ce in ta hau mota ba ruwansa, sai da aka haɗa da 'yan'uwansa mata suka tsare ta a ɗaki. A waya ba ta iya cewa komai, sai "Inna, Inna," yadda take kirana, ni ma ba na iya cewa komai. Abu ɗaya ta tambaya da muryarta ta dawo: "Ta gama?" Na ce ta gama.

Da gida ya yi shiru na ɗauko mazarin Yaya. Bakin zarenta yana nan yana reto inda ta bari. Na buɗe shi, na saka sabon ulu a ciki, na murza suka kama juna, na ci gaba daga nan. Na zauna a kujerarta, na ɗaura ulun a hannun dama na ɗora a matashi, na hana shi motsi. Na kwaikwayi duk abin da na sani nata. Inda take barin kauri na bari, inda take yin ƙulli na yi. Ni da ta yi shekaru tana yi mini gorin gaggawa, sai ga ni ina ɓata zare da gangan, a hankali, ina kuka ina yi. Na kaɗa nata, na kaɗa nawa, na tufka, na saƙa. Da na kai baki na shimfiɗa shi a gado na duba ta kowane gefe, na kai shi rana na duba. Fari ne tas daga farko har ƙarshe. Na ce a raina ko ita Yayar ta dawo sai ta yi da gaske kafin ta nuna inda ta tsaya.

Ranar rini na tashi da wuri. Na jiƙa bargon cikin ruwan alam don launi ya kama. Na juye buhun ɓawon nan kaf cikin babbar tukunya, na dafa har ruwan ya yi ja kamar shayi mai kauri, warin ya cika unguwa. Na tace, na bari ya huce, domin ulu ba ya son a ba shi mamaki, in ka fitar da shi daga sanyi ka jefa a zafi sai ya cure ya zama tabarma. Na zura bargon a hankali, na sa wuta kaɗan-kaɗan, ina danna shi da muciya ba tare da na juya ba. Duk abin da take faɗa mini ina yi mata kunnen uwar shegu, ranar na bi shi ɗaya bayan ɗaya. Na bar shi ya huce a cikin ruwansa, na ɗauraye, na matse cikin tawul, na baza a igiya.

Ya yi kyau. Kai, ya yi kyau! Ruwan zuma mai duhu, irin wanda ta ce. Na tsaya ina kallo na ce, "Yaya, ga shi nan." Na shiga ciki na ɗan kishingiɗa.

Jiƙaƙƙen ulu duk duhu ne. Sai ya bushe yake faɗin gaskiya. Da na fito da yamma, tun daga ƙofar kicin na hango. Daga sama har kusan ƙasa launin ya zauna, mai zurfi. Daga nan kuma, a miƙe kamar an ja layi, sauran ya yi haske, ruwan zuma da aka sirka.

Na zauna a ƙasa. Ba sai an gaya mini ba. Zare sakwarkwatacce a buɗe yake, yana shan rini har cikinsa. Wanda aka murɗa da ƙarfi kuwa bayansa kawai yake sha. Na kwaikwayi kaurinta, na kwaikwayi ƙullinta, amma yatsuna masu lafiya ne, ko na so ko na ƙi sai da suka ba mazarin ƙarfinsu. Rashin ƙarfin ne ban iya ba. Da zare muka rina yadda muka saba, da na gani tun yana ɗauri, na cakuɗa su cikin saƙa, layi ɗaya nata layi ɗaya nawa, ba mai ganewa. Yanzu kuwa an riga an saƙa, ya sha zafi ya kama jikinsa. In na ce zan warware, silin Yaya ne zai fara tsinkewa.

Na koma wurin mai albasa, na bi masu abinci na kan titi, na tara wani ɓawon. Na tsoma gefen mai hasken shi kaɗai, abin da Yaya za ta tsine mini a kai. Ya ƙara duhu, amma wani duhun daban, mai ja-ja, layin ya ƙara fitowa. Na mayar da bargon duka cikin tukunya don su daidaita. Duka suka ƙara duhu, kowa a matsayinsa. Na zagi tukunyar, na zagi albasa, na zagi hannuna. Daga nan na bari, don na ga in na ƙara zan kashe ulun gaba ɗaya.

Dunƙule ta sauka lafiya, mace. Da jaririyar ta yi ƙwari suka taho. Na ji tsayuwar mota na fita, muka rungume juna a bakin ƙofa muka yi kukan da muka daɗe muna bin juna. Ta shiga ɗakin uwarta ta tsaya gaban kujerar. Na karɓi yarinyar, ga goshin Yaya sak, har da haɗe girar nan kamar za ta ce a miƙo mataji.

Na riga na ninke bargon yadda gefen mai haske zai shige ciki. Na ɗauko na ɗora mata a cinya na ce, "Ga saƙon Mamanki." Na so ta rungume shi haka a ninke, ta sa a jaka, in ta je gida ta buɗe, can ba idona. Ta sa fuska a ciki ta shaƙa. Sannan ta kama baki biyu ta baza shi a gado.

Idonta ya sauka a kan layin.

Na yi sauri na ce, "Tukunyar ce ta yi mini rashin mutunci. Gefen nan ne ya taso sama, ban lura ba. Kin san hannuna a rini, Mamanki kullum tana faɗa."

Ba ta dube ni ba. Yarinyar da ta yi rarrafe tsakanin tukwanen nan, wadda tun ba ta iya magana ba take tsinto mana ƙaya cikin ulu. Ta ɗora yatsu a gefen mai duhu ta bi shi a hankali, tana murza zaren tsakanin babban yatsa da manuni. Ta gangaro har kan layin. Ta bi layin a kwance, ƙulli bayan ƙulli, har ta zo wani wuri kusa da tsakiya ta tsaya. Daidai inda na saka ulun nawa cikin bakin zaren Yaya. Ta tsallaka gefen mai haske ta murza, ta dawo.

"Inna," ta ce, "wace rana ce nan?"

Na buɗe baki in sake wata ƙaryar. Na yi alkawari, kuma Allah ya sani na yi iya yina. Amma ta ɗago ta dube ni da idon uwarta, na kasa.

"Ranar da kika kira da hantsi," na ce. "Da ta ce miki ta fita tsakar gida ta sha iska."

"Ta ce mini saura ƙiris."

"Haka ta ce."

Ta auna gefen mai hasken da tafin hannunta, yadda uwarta ke yi. Ɗaya, da rabi. Ta koma sama ta fara auna mai duhun, tafi bayan tafi, ba ta kai ƙarshe ba ta bari.

"Duk wannan da hagu?"

"Da hagu."

Na ce mata Mamanki ce ta ce kada in faɗa, so take ki ɗauka ta kai baki. Na ce in tana so akwai baƙin rini, zan jefa shi ciki ya rufe komai, ba mai sake gani. Ta janye bargon zuwa jikinta kamar zan ƙwace.

"Kada ki taɓa shi."

Jaririyar ta motsa a hannuna ta fara ƙananan kuka. Dunƙule ta karɓe ta, ta kwantar da ita a gefen mai duhu, ta naɗe ta. Yarinyar 'yar mitsitsiya ce, inda Yaya ta kai ya ishe ta har ya yi saura. Gefen nawa ya sauko yana reto a bakin gado. Dunƙule ta zauna tana jijjiga ta da hannu ɗaya, ɗaya hannun kuma yana riƙe da wurin nan na tsakiyar layi, ta ƙi saki.

Na ce bari in ɗora musu ruwa. Na fita bayan gida, na zauna gaban murhun, na daɗe ban kunna ba.